Baba Idrisa, Wanda Ba Ya Yarda da "Kusa Ne"

Kullum bayan asuba Baba Idrisa yakan jera ƙanƙara a akwatin allurar rigakafi, ya ɗaure shi bayan moto, wato babur, ya dubi agogo, sannan ya bar Gidan Rumji. Shekara ashirin da shida ke nan. Bana da gari ya cika da hayaniyar jam'iyyu, shi kuwa shiru zai ajiye aiki.

Mutanenmu ko ina ka tambaye su sai su ce, "Kusa ne." Shi sai ya ce, "Kusa a ƙafar wa?" Ya san in ƙanƙara ta narke, allura ta zama ruwan banza.

Bara ƙyanda ta shigo ƙauyenmu, ta ɗauki yara biyu. Yana tafe wurinmu moto ta mutu a bakin kwalta. Saura kilomita goma sha biyar, ƙanƙara kuwa awa uku za ta kai. Hamma mai amalanken shanu ya ce, "Hau, Baba, kusa ne." Ga Inna Kadi mai ƙuli-ƙuli za ta gida da jakarta, wato macen jaki.

Baba ya sa shanu da jaka suka taka daga dutsen kilomita ɗaya zuwa na gaba, idonsa kan agogo. Shanu minti ashirin, jaka minti goma. Ya tsuguna ya zana a ƙasa: shanu kilomita uku a awa, tafiyar awa biyar, jaka shida a awa, awa biyu da rabi.

"Inna, ara mini jakar nan."

Hamma ya kwashe da dariya. "Ma'aikacin gwamnati a kan jakar mata? Wallahi sai na ba da labari a kasuwa!"

"Ba da, ɗan nan. Amma ka faɗi da mintocin."

Haka ya shigo mana, ƙafafu na jan ƙasa, akwati a cinya. Da ya buɗe, saura 'yar ƙanƙara kamar ƙwan zabo. Yara arba'in da ɗaya aka yi wa. Ɗana Yasin na cikinsu.

Baba, kai ne mai auna tafiya kafin ka taka. Ranar na kasa ɗaga ido in gode maka, shi ya sa na rubuta. Allah ya saka, ya ba ka hutu mai albarka.

Ku da za ku gaji akwatinsa, ku gaji tambayarsa. Ko Hamma yanzu in ka ce masa kusa ne, sai ya ce, "Minti nawa?"