Hudajjen Goran Baba Maigandi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

To ku ji, amma ba tatsuniya ba ce. Mai ita yana Argungu da ransa, kuma raina a ɓace yake.

A da, kullum da hantsi Baba Maigandi na bakin gulbi da gorunansa, yana koya wa 'ya'yan mutane iyo. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Shi ya lura da abin da iyaye ba su gani: ɗan shekara biyar gani yake zai iya haye gulbi, in ya kai shekara goma, sa'o'insa sun yi masa dariya, sai ya ce bai iya komai ba. Ƙananan yakan bari su ɗan sha ruwa a inda babu zurfi, su san iyakarsu. Manyan ne damuwarsa.

Zulkifli na cikinsu, yara na ce masa Dutse.

"Baba, in na saki goran ga nitsewa zan yi."

Maigandi bai musa ba. Ya miƙa masa gora mai huji a ƙasa, ya bi shi a gefe. Kafin su haye, gora ya cika da ruwa.

"Ɗaga shi mu gani."

Yaro ya kasa.

"To ɗan nan, wa ya ɗauko wani, kai ko goran?"

Uban yaron da ya ji, har gida ya je ya zagi Maigandi tas: "Tsohon banza, ɗana za ka kashe?"

Daminar bara jirgin ruwa ya kife da su Zulkifli a hanyar gona. Zulkifli ya fito da ƙanwarsa Salwa a bayansa. Gida ya cika da 'yan barka, uban na bugun ƙirji wai jinin masunta ne. Jini? Jinin yana ina lokacin da ake ce wa yaron Dutse? Ko mutum ɗaya bai taka ƙofar Maigandi ba!

Baba, kai ne ka nuna wa yaran nan ƙarfin hannuwansu. Mun gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma masu yi wa yaro dariya in ya faɗi, ku ji kunya, ku koya.

Salwa na makaranta. Zulkifli ya karɓi gorunan, shi ke koya wa yara iyo yanzu. Uban har yau bai ba da haƙuri ba. Maigandi gwiwa ta hana shi shiga ruwa, yana zaune bakin gulbi yana kallo.