Mai Kumfa da Kwanon Tela

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya ɗora ruwa. Haka na san shi tun ina saurayi: buta a kan risho tana huci, tawul a ninke a kan benci, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa askarsa a kan wata doguwar fata da ya rataya a ƙusa. Ba ya zama. In babu mai aski, sai ya goge madubin da ya riga ya goge, ya gyara kujerar da ba ta karkace ba, ya leƙa titi, ya dawo ya taɓa butar ya ji ko ta huce. Sunansa na ainihi ya ɓace a layinmu. Mai Kumfa kowa ke kiransa, har matarsa in ta aiko.

To, yanzu ya rufe shagon. Tun daga ranar na rasa inda zan sa kaina. Sai in tashi ba dalili in bi ta layin, in tsaya ina kallon kwaɗo a jikin ƙofa kamar wanda aka aika ya manta saƙon. Gemuna yana ƙaiƙayi, raina ma ba a kwance yake ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, tun mutumin yana raye, yana iya jin an ce masa sannu.

Wanda bai san askin Mai Kumfa ba sai ya ɗauka aski aski ne. Ina! Shi ba ruwansa da kilifa. Zai kwantar da kai a kujera, ya rufe maka fuska da tawul mai ɗumi har gashin ya yi laushi, sannan ya ɗauki burushi ya shiga kaɗa sabulu a kwano. Sai kumfar ta tashi ta tsaya da kanta zai shafa maka. Daga nan ya ja fatar kuncinka da yatsa biyu, askar ta bi a hankali, kana jin ƙararta ƙasa-ƙasa a gefen kunne. Ni da ba na iya minti biyar a wuri ɗaya, a kujerar nan kaɗai nake yin lamo. A gefen madubi akwai ɗan dunƙulen alam na tsayar da jini in an yi yanka. Tun da na san shagon girman dunƙulen bai ragu ba.

Kwanon sabulu biyu gare shi. Na dama na kitse ne, kitsen saniya da aka narkar aka tace. Na hagu na man itace ne, man kwakwa da na zaitun, babu ko ɗigon abin dabba a ciki. Kowane kwano da burushinsa: na dama gashin dabba, na hagu zaren roba. Ko ruwan ɗauraya ba sa haɗawa. In baƙo ya zo sai ya shafa kuncinsa da bayan yatsa, ya tambaye shi wanne yake so, ya faɗa masa gaskiyar kowanne. Na kitsen, in ji shi, ya fi santsi, kumfarsa kuma tana daɗewa ba ta bushe ba. Na itacen ya fi saurin tashi, ya fi sauƙin wankewa, amma irin wanda yake samu ba ya jira, sai hannu mai sauri.

A kan kwanukan nan biyu aka yi shekaru ana tafka gardama a bencinsa, kuma mutum biyu ne shugabanninta. Ɗaya Mahauci, ƙaton mutum mai murya kamar ana kiran wani daga tsallaken titi. Ɗayan Tela, ɗan siririn dattijo da ya zo daga wata ƙasa mai nisa tun yana matashi, ya buɗe shagon ɗinki kusa da na Mai Kumfa. Mutanensu ba sa cin nama, ba sa kuma yarda abin dabba ya taɓa jikinsu. Saboda shi aka fara ajiye kwanon hagu, daga baya irinmu muka shiga layi.

"Kai dai an cuce ka," Mahauci zai ce masa. "Ciki ba nama, fuska ba kitse. Ina daɗin duniyar?"

Tela zai amsa daga ƙarƙashin tawul: "Ni fuskata a gyara ta na kawo, ba a soya ba."

Sai benci ya kwashe da dariya, Mai Kumfa ya ce, "Ku yi min shiru, aska na kan maƙogwaron mutum."

Wata rana, Tela ba ya nan, Mahauci ya ɗauki burushin hagu da wasa ya tsoma a kwanon kitse, ya ce bari a ga ko fuskar mutumin za ta gane. Ina wurin. Mai Kumfa bai ɗaga murya ba. Ya karɓi burushin ya jefa a kwandon shara, ya buɗe ƙofa ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Mahauci ya ce haba, wasa ne, a wanke mana. Mai Kumfa ya ce, "Mutum ya rufe ido ya miƙa min wuyansa, kai kana maganar wasa." Sai da Mahauci ya yi ta yawo da ƙasumba buzu-buzu, matarsa na masa tsiya, sannan ya zo da sabon burushi a hannu ya ba da haƙuri. Har yau ban ji wanda ya gaya wa Tela wannan labari ba.

Kai ne wannan, Mai Kumfa. Mai riƙon amanar wanda ba ya kallo.

A bara na fara ganin sauyi. Na zauna kamar kullum, sai na ji ya ce, "Ɗan'uwa, ka yarda yau in sa maka na kitse?" Na ce me ya faru, na itacen ya ƙare ne? Ya ce bai ƙare ba. Na ɗaga tawul na dube shi ta madubi, sai na ga hannunsa na dama yana rawa, kaɗan-kaɗan, ya danne shi da na hagu a jikin cinyarsa. Ya ce rawar takan zo ta tafi, in ta zo sai ya dakata. Kumfar kitse tana jiran sa har ta wuce, santsinta kuma yana rufa wa hannu asiri. Ta itacen kafin ya dawo ta bushe, askar ta fara cijewa. Ɗaya bayan ɗaya ya roƙi mutanen kwanon hagu, kowa ya yarda. Bai sauya wa kowa a ɓoye ba.

Tela kaɗai bai roƙa ba, don a lokacin Tela ya riga ya kwanta. Ciwon shanyewar rabin jiki ya kayar da shi a kan keken ɗinkinsa, ya tafi da bakinsa gaba ɗaya. Aka dawo da shi gida daga asibiti, ido kawai ke magana. Mutumin da bai taɓa fita da tsiron gashi a haɓa ba, ga shi gemu ya cika masa fuska. Ɗansa, direban babbar mota ne, magidanci mai 'ya'ya, ya gwada masa kilifa. Tsohon ya kau da kai ya yi ta hawaye har aka kashe ta.

Labarin ya hana Mai Kumfa sakat. Ya riga ya yanke shawarar rufe shago a ƙarshen wata, ya ce gara ya ajiye aska kafin aska ta kunyata shi. Amma kullum sai ya ɗauko jaka ya zuba kaya, ya dubi hannunsa, ya zazzage. Ya kai bakin titi ya dawo. Rannan da safe ya ce min, "Ɗauko jakar nan mu je, in na ƙara tunani ba zan tafi ba." Mahauci ya ji, ya wanke hannu ya biyo mu.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujerar roba, kwalaben magani a kan taga, keken ɗinkin a lungu an rufe shi da zane. Da Tela ya ga jakar sai idonsa ya kawo ruwa. Aka tallafe shi da matashi, aka kawo ruwan zafi. Mai Kumfa ya fito da kwanon hagu ya kaɗa, ya shafa a kunci ɗaya kawai, ya buɗe aska. Askar na kusantar fata hannun ya ɗauki rawa. Ya janye. Ya jira, ya sake jiƙa kumfar, ya sake matsowa. Rawar ta fi ta farko. Ni ina tsaye na rasa inda zan sa ido.

Ɗan Tela ya ja shi gefe, ya rage murya, amma ɗakin bai da girman ɓoye magana. Ya ce, "Baba, na ga ɗayan kwanon a jaka. An ce da shi hannunka ba ya ba ka matsala. Ka sa masa kawai. Ba zai gane ba, ko ya gane ba zai iya cewa komai ba. Ni dai a cire masa gashin nan ya samu barci."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, gajiya ce da tausayi. Ni kaina, wallahi, na so a yi hakan a huta.

Mai Kumfa ya ce, "Da yana da baki, da na tambaye shi. Yanzu da ba shi da shi, bakinsa yana wurina."

Can Mahauci ya naɗe hannun riga ya ce, "To ba ni askar, ai ni hannuna ya saba da wuƙa." Idon Tela ya fito waje. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, kafaɗarsa mai lafiya tana girgiza. Dariya yake! Ɗansa ya ce tun da ya kwanta ba a ji wannan ba.

Mai Kumfa bai yi dariyar ba. Ya daɗe yana kallon askar. Wannan aska, ko ɗaga ta ka yi don ka ga ƙotarta sai ya ƙwace. Sai ga shi ya juya ƙotar ya miƙa wa ɗan Tela. Ya ce, "Zo nan. Kai kana riƙe da babbar mota a kan hanya, wannan ba za ta gagare ka ba. Ni in yi kumfa, kai ka yi aski."

"Baba, ban taɓa ba. Zan yanke shi."

"Za ka yanke shi kaɗan. Ja fatar nan. A'a, da yatsa biyu. Kwantar da ita, kar ka danna."

Haka aka yi ta yi har rana ta ɗaga. Mai Kumfa yana shafa kumfar itace daidai faɗin yatsa uku, ɗan yana bi, gumi na ɗiga daga goshinsa. In ta fara bushewa a sake jiƙawa. A ƙasan haɓa askar ta ɗan ci fata, jini ya tsatso. Ɗan ya firgita. Mai Kumfa ya laluba jaka ya fito da dunƙulen alam ɗin nan ya goga, ya ce, "Ka gani? Ya tsaya. Ci gaba." Da aka gama aka wanke, aka nuna wa Tela madubi. Ya kalli fuskarsa, ya kalli kwanon hagu, sannan ya ɗaga hannunsa mai motsi ya kama hannun Mai Kumfa mai rawa ya riƙe. Mahauci ya fita waje wai hayaƙi ya shiga masa ido, alhali ba a hura komai ba.

Kai ne ka zaɓi a ga gazawarka a gaban mutane, da a ce ka ci amanar wanda ba zai iya kai ƙara ba. Ka shiga ɗakin nan kana mai aski, ka fito ka bar askar a hannun wani, ba ka ko waiwaya ba. Na san abin ya yi maka ciwo, don a hanyar dawowa jakar da ka ba ni da za mu tafi, ka riƙe abarka.

Mun gode, Mai Kumfa. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuke karantawa, in akwai wani a gidanku da ciwo ko tsufa ya ƙwace wa magana, ku tuna abin da yake so da abin da yake ƙi lokacin da yake iya faɗa, ku riƙe masa.

Matar Mai Kumfa ta ce har yanzu ba ya zama. Ruwa yake ɗorawa da sassafe, ya goge madubin ɗaki, ya leƙa titi. Amma duk ranar da ɗan Tela ya dawo daga tafiya, za ka gan shi ya fito da 'yar jaka ya nufi gidan. Na tare shi shekaranjiya na ce me ke ciki, tunda askar tana can? Ya buɗe min. Tawul ne, da burushin roba, da kwano ɗaya.