Garin Da Ya Cinye Irin Shukarsa

A gidanmu na unguwar Kwarbai a Zariya, da an gama cin tuwo sai mu zagaye murhu kafin garwashi ya mutu. Kakarmu Iya 'yar ƙauye ce, aure ya kawo ta birni. Tana ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya, yawanci ta ban dariya. Guda ɗaya ce in ta ɗauko, sai mu matsa jikin juna.

Wai akwai wani gari da ruwan sama ya riƙa yi wa wasa. Ya sauko a yi shuka, ya ɗauke tsiro ya ƙone. A sake, ya sake. Rumbuna suka ƙare, aka koma cin ganyen tafasa, yara suka yi manyan ciki da siraran ƙafafu. Sai irin shuka na ƙarshe ya rage, cikin tukunya a ɗakin wata tsohuwa. Mutane suka cika ƙofarta. Ta roƙe su su ƙara haƙuri, suka kasa. Suka daka, suka dama kunu, kowa ya sha.

A nan Iya takan rage murya. "Washegari ruwa ya sauko, irin wanda manomi ke so. Suka fito suka tsaya a gona, hannu babu komai."

In mun tambayi yadda suka ƙare, sai ta ce mu je mu kwanta.

Na girma ina ganin wautar mutanen nan. Sai bara, Kawu Sale, ɗan ƙanen Iya da ke noma a ƙauyensu, ya sauka gidana a Ƙofar Doka zai kai 'yarsa asibiti. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Ya ce sau uku ya shuka masara, biyu rana ta ƙone, ta ukun ambaliya ta kwashe. Na tambaye shi me ya ajiye wa damina mai zuwa. Ya daɗe yana duban yarinyar.

"Da wane ido zan ɓoye hatsi tana kallona?"

Ta farfaɗo, suka koma gida. Ni kuwa ban ƙara ganin wautar kowa ba. Yanzu in hadari ya haɗo a kan Zariya sai gabana ya faɗi, don ban san abin da ya ɗauko wa Kawu ba.