Hancin Yaya Mudi

Duk wanda ya san Yaya Mudi ya san ba ya karanta takarda sai ya sansana ta. Takardar asibiti, katin ɗaurin aure, aikin ɗalibai, duk ɗaya: ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan ya zaro jan biro daga bayan kunne. Shekara da shekaru yana koyarwa a babbar makarantar nan ta Ƙaura, ni kuma tun rasuwar maigidana ina zaune gidan yayan nawa ina kallo. Ban yi boko ba, amma ba makauniya ba ce.

Ran da aka ce daga yanzu ta na'ura ɗalibai za su riƙa turo aiki, ta nan malami zai ba da maki, ita ce kuma za ta kama mai kwafi, sai ya dawo da kwamfutar da aka ba shi, ya aje bisa tabarma, ya sunkuya ya sansana.

"Kulu, taho ki ji. Wagga aba ba ta warin kowa."

Na ce, "To sai mi?"

"Abin da bai warin kowa, ƙaƙa za ya gane na kowa?"

Aka ba shi lambar sirri ta shiga. Bawan Allah ya ɗauki gawayi ya rubuta ta ɓaro-ɓaro a bangon zaure. Wani abokin aikinsa ya gani ya riƙe baki: "Haba Malam, ai sirri ce!" Ya ce, "Sirri ce mana. Wa ka duban bango?" Ni na duba. Na ga ƙazanta, na sa tsumma. Kwana huɗu bai shiga na'ura ba, kwana huɗu bai yi mini magana ba. Ban taɓa samun hutu irin wannan ba.

Sai maganar Bello ta taso. Bafillace ne daga Gurbin Bore, magidanci mai 'ya'ya uku, yana shekarar ƙarshe. Ya yi rubutu kan kaskar shanu, na'ura ta ce kwafi ne tun daga kai har ƙafa, wai na Sanusi ya sata, ɗan wani attajirin Shinkafi. Hujjarta ɗaya: na Sanusi ya riga shiga. Hukuncin kuwa kora.

Bello ya zo zaure yana rantsuwa. Ya ce can rugarsu babu sabis, shi ya sa ya ba Sanusi aikin ya buga ya tura masa, Sanusi kuwa ya riga shi turawa da sunan kansa. Yaya bai ce masa ya yarda ba. Ya ce kawai, "Gobe bayan la'asar kowa shi zo da littafin da yaf fara rubutu ciki da hannunai."

Suka zo. Na kawo fura, na ƙi fita. Sanusi ya miƙa nasa, fes, ko lanƙwasa babu. Yaya ya sansana.

"Masha Allah. Shagon littattafai, da ɗan turare. Tawadar ma ba ta gama shan iska ba."

Ya ɗauki na Bello, wani yamutsattse mai tabon kindirmo. Ya ja numfashi har ya yi atishawa.

"Hayaƙin kashin shanu. Damina guda cur." Ya juyo. "Kulu, ke mi kig gani?"

Na ce, "Ɗaya ya shanye furarsa. Ɗaya tun ɗazu yake juya ludayi."

Sanusi ya aje ludayin, ya fara, "Wallahi Malam, cewa na yi in ya so daga baya..."

"Yi shiru, ɗana. Kaska ƙafa nawa gare ta?"

Sanusi ya shiga ƙirga yatsunsa.

Kashegari ya ɗauki littafin nan har gaban kwamitin makaranta. An ba ni labari shugabansu ya ce, "Malam Mudi, mu da abin da na'ura ta nuna muke aiki." Yaya ya ce, "Na'ura ta san wanda yar riga zuwa, ba ta san wanda yay yi wahala ba. Ranka shi daɗe, sansana." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da masu kwat, ya ƙi zama sai da kowa ya kai hanci. Aka wanke Bello.

Kada ku ɗauka ya ji tausayinsa wajen maki. Ya cika aikin da jan biro, ya ba shi abin da zai tsallake da ƙyar. Na ce, "Yaya, duk bayan wagga wahala?" Ya ce, "Cewa niy yi nashi ne. Ban ce yana da kyau ba."

Ran uku da rasuwar Yaya, Bello ya zo gaisuwa da ƙwaryar nono, ya zauna zaure. Biron yana nan cikin adakata, ban ba kowa ba.

Ya Allah, kai ba a yi maka rigen zuwa, ka san wanda ya yi wahala. Ka ba Yaya Mudi littafinsa a hannun dama, kada ka duba masa da jan biro. Amin.