Ɗakin Suyar Gwaggo

A gidanmu na Tarai akwai wani ɗan ɗaki a bayan rumbu wanda ba a shiga sai da dalili. Nan Gwaggo, yayar babanmu, take suya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma har daga cikin Kibiya ake aiko mata da galan. Ɗakin ba shi da taga. Ita ta hana a yi masa, wai in idon mutane ya faɗa kasko, man guduwa yake yi. Bango ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga rufi kamar gemun bunsuru. In ka leƙa gaishe ta da hawaye za ka fito, ita kuwa tana zaune daram tana murza tunkuza.

"Ku 'ya'yan yanzu idonku ba ƙwari," haka take ce mana.

Tari kam ta daɗe da shi, har mun daina jin sa. Da shi ma muke gane ta tashi da safe.

Lokacin da abin ya faru ina aure a Rano, ina koyarwa a wata firamare, nakan leƙo gida ran Asabar. Damina ce mai ruwa sosai. Itace duk ya jiƙe, sai Gwaggo ta koma haɗawa da kara mai laima, in wuta ta ƙi kamawa ta jefa mata leda ko tsohon silifa. Wata Asabar na shigo ban ji ƙamshin suya ba. Na same ta a ɗakin kwananta cikin bargo tana rawar ɗari, jiki kuwa kamar garwashi. Numfashi take yi sama-sama irin na wanda ya sha gudu, in tari ya zo sai ta dafe haƙarƙarinta na dama ta runtse ido. Kakin da take tofarwa launin tsatsa ne.

Kowa a gidan da nasa bayanin. Gwaggo ta ce ruwan leda mai ƙanƙara ne da aka ba ta a wani biki a Zurgu. Baba ya ce ruwan sama ne ya dake ta a hanyar dawowa. Inna ta ce murar da ta zagaye yaran gida ce ta sauka a kanta. An yi mata sirace da ganyen darbejiya, an dafa citta da kanumfari, an shafa man zafi, an sayo ƙwayoyi a kemis, har ana shawarar kiran wanzami ya yi mata ƙaho a wurin da ke sukar ta.

Ni abin da ya tsorata ni daban ne. Don in ja ta da hira na ce mata gyaɗa ta yi araha a kasuwa, sai ta dube ni kawai ta mayar da kai. Can kuma ta tambaye ni ko na dawo daga talla, ni da na bar talla tun ina 'yar ƙarama. Nan na kira yayana, wanda ke jan motar kaya tsakanin kasuwanninmu da Kano, na ce ya biyo ta gida.

Da ta ji maganar asibiti sai hankalinta ya dawo tsaf.

"Ni da ko haihuwa ban yi a can ba, sai don tari?"

"Yaya, ki yi haƙuri ki je," in ji Baba. "In sun ce ba komai, a dawo da ke kafin la'asar."

Ta yarda, amma sai da aka garƙame ɗakin suya aka ba ta makulli ta ƙulle a bakin zane. Muka sa ta a gaban mota, bayanmu buhunan albasa.

A asibiti a Rano wata nas ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa. Gwaggo ta ce da ita, "Yarinya, ba yatsan ke ciwo ba." Nas ta yi murmushi, amma da ta duba lambar da abin ya nuna sai murmushin ya ɓace, ta yi sauri ta kawo robar iska ta sa mata a hanci. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan matashi ne mai sanyin murya, ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Mama, ciwon huhu ne, wanda ake kira nimoniya. Ƙwayar cuta ce ta sauka can ƙasa, inda iska ya kamata ta shiga ya cika da majina."

"Ruwan Zurgu ne," in ji Gwaggo.

"Ruwan da kika sha ciki ya tafi, bai bi ta huhu ba. Akwai masu mura a gida?"

Na ce akwai. Ya tambayi sana'arta da inda take yi, na kwatanta masa ɗakin, Gwaggo tana hararata ta saman robar. Ya ce hayaƙin shekara da shekaru ya riga ya gajiyar da huhun, shi ya sa abin da ya tsaya wa yara a hanci ita ya wuce mata ƙasa. Ya ce tsofaffi da jarirai ciwon ya fi kayarwa, kuma da an ƙara jinkiri yana iya shiga jini. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta sa Gwaggo ta daina hararata.

An kwantar da ita ana allurai da ƙarin ruwa. Farkon kwanakin ba daɗi, ko kunu sai an lallashe ta. Ran da na shigo na tarar tana yi wa mai jinyar gadon kusa faɗa a kan yadda ake dama koko, na san mun tsallake. Kafin a sallame ta rabin matan ɗakin sun san inda ake samun ƙuli mai kyau a Tarai. Likita ya ja mata kunne ta shanye ƙwayoyin duka ko ta ji garau, kuma ta rabu da hayaƙi.

Baba bai jira makulli ba. Tana asibiti ya kira magini, aka fasa bango ta waje aka fitar da taga har biyu. Ran da ta dawo ta daɗe tsaye a gaban ɗakin.

"Wa ya huda mini ɗaki?"

"Likita ne ya ce, Yaya."

"Likitan ne ya riƙe digar?"

Sai aka shiga yaƙin buhu. Gwaggo ta toshe tagogin da tsohon buhu, Inna ta wuce ta zare, Gwaggo ta mayar. Babu wadda ta taɓa ce wa ɗaya uffan a kai. An ɗauki makonni a haka, har Gwaggo ta gano cewa ta taga ɗaya tana hango duk mai shigowa soro. Wannan ta bar ta a buɗe. Ɗayar kuma aka daidaita a rabin buhu. Leda da silifa dai ba su sake shiga murhunta ba, yayana ya riƙa sauke mata busasshen itace a ajiye a rumfa.

Numfashinta bai koma kamar da ba. Har yau in za ta maƙwabta sai ta tsaya a hanya ta dafa bango, ta yi kamar tana duba shukar wani. Suyar ma ta rage.

Bara na je gida da 'yata tana goye, tana ɗan tari. Ko zama ban yi ba Gwaggo ta ce in sauko da ita. Ta ɗage mata riga, ta zuba wa haƙarƙarin ido tana kallon yadda yake shiga da fita, ta tambaye ni ko an kammala mata allurar rigakafi. Na ce da saura. Ta ce in juya Rano yanzu, tuwo ba ya guduwa. Muka je, aka duba, aka ce mura ce kawai. Da na dawo na faɗa mata, ta ce to madalla, ta tura mini kwano ta ce in ci kafin miyar ta huce.