Gonar da Gangar Gayya Ba Ta Je Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni ne sarkin samarin garinmu, wani ƙaramin ƙauye a bakin gulbi kusa da Jiratawa, zamanin da Nasara ke mulki, kumandan, babban jami'insu, yana zaune a Maradi. Saurayi ne ni mai ƙarfi da iya baki, in na buɗe murya a dandali sai kowa ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin na fi son a so ni fiye da in tsaya kan gaskiya. Yau ga furfura ta cika mini kai, amma maganar nan ta hana ni sakat, ko zaman hira nake sai in ji ta taso mini in miƙe ba shiri. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku ita, ko na samu sauƙi.

Babban aikina shi ne tsara gayya. Da damina ta kankama, samarin gari mukan haɗu mu yi wa juna noma, yau gonar wannan, jibi ta wancan, makaɗi na biye da mu da gangarsa. Mai gona shi ke ciyar da jama'a ranar, ni kuma ni ke faɗin gonar da za a je. A cikinmu akwai wani Anne, cikin mutanen nan da suka riƙe addinin kakanni, gidansu na gefen gari wajen tsamiyoyi. Tare muka yi kiwon awaki muna yara. Ba shi da yawan magana, amma in ya kama hauya ba ya waiwaye sai ya kai iyakar gona. Duk gonar da aka je a daminar nan da shi aka je, har da tawa.

Da zagaye ya kusa zuwa kansa sai rigima ta tashi. Wasu samarinmu da suka yi cirani a Maradi, suka ɗan zauna gaban malamai, suka ce su ƙafarsu ba za ta taka gonarsa ba, don a gayyar Anna giya ake kawowa, naman ma ba a san hannun da ya yanka shi ba. Wasu kuma suka ce wannan rashin kunya ne, ka ci gumin mutum sannan ka ce tuwonsa ba shi da tsarki. Aka yi ta cacar baki har wasu suka fara laluben sanduna, shi kuwa wanda ake faɗan a kansa ba ya wurin, ba wanda ya kira shi. Duk aka zuba mini ido. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, a bar mini maganar, ni zan je in same shi. Sai dai ban je ba. Tsoro nake ji, in na ce a je in rasa masu karatu, in na ce kar a je a ce na ci amana. Sai na riƙa ja masa rai. In mun haɗu a hanya in ce masa gonar wane ta fi haki, ya ƙara haƙuri, tasa na nan tafe. Ba ya musu, sai ya ce to sarki, ya wuce. Gari ya lafa, dattawa na ta sa mini albarka wai na iya riƙon jama'a, ni kuma ina ta hura hanci.

Ana cikin haka sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, daga Maradi da umarnin kumandan, a ba da mutane don aikin tilas, ruwa ya yanke hanya tsakanin Maradi da Tsibiri. Mai gari ya kira ni ya ce in fitar da samari. Al'adarmu a fili take, wanda gayya ta riga ta nome masa gona shi ake turawa, don ko ya daɗe hatsinsa ba zai lalace ba. Amma duk wanda na tuna sai in ga yana da uba ko kawu da zai zo ya tsaya mini a ƙofar gida yana zage-zage. Shi kuwa Annen nan daga shi sai tsohuwarsa da matarsa mai ciki, ba mai tada jijiyar wuya a kansa. Na sa shi a ciki. Har na yi wa kaina dabara a zuci, wai in ba ya nan sai in kai gayyar ba tare da zancen giya ba. Da za a tafi da su bai yi mini ƙorafi ba, ya dai roƙe ni kar in manta da gonar, matan ba za su iya ba. Na rantse masa.

Rantsuwar banza na yi. Da ya tafi, masu ƙi suka ce ai sun riga sun faɗi tasu, masu so kuma suka ce wa zai ciyar da su ba mai gona. Kowa ya koma maimai a tasa. Ni kuma kullum gobe, kullum gobe, ga ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa. Ranar da kunya ta ishe ni na ɗauki hauya na nufi gonar ni kaɗai, na tarar haki ya shanye hatsin, ya yi jajur ya kwanta, ko an nome ba abin da zai yi. Tsohuwarsa na tsugune a ciki tana cira da hannu. Na zata za ta tsine mini, sai ta ce in biyo ta gida. Ta nuna mini ɗan akuya ɗaure a turke, ta ce tun farkon damina ɗanta ya ce bana ba za a dafa giya ba saboda abokansa, ya riga ya roƙi liman ya zo ya yanka akuyar da hannunsa, geron fura ma an ware shi, ranar kawai suke jira in faɗa. Ta tambaye ni, ɗana, me ya hana ka zuwa ka tambaya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya dawo daga aikin hanya a rame, ya tarar ba abin da za a sa a rumbu. Na je in ba shi haƙuri, ya ce waɗanda suka ƙi shi a fili ba su ɓata masa rai ba, don ya san inda suka tsaya, ni ne na riƙa yi masa dariya ina ce masa gobe. Kafin rani ya yi nisa suka kwashe kayansu suka yi kudu, ba wanda ya san garin da suka sauka. Na sha tambayarsa a kasuwar Maradi da ta Tsibiri, ko labarinsa ban ƙara ji ba.

Abin da na koya shi ne, shiru a cikin jama'a ba ya nufin an sasanta, wani lokaci an danne marar gata ne kawai. Duk wanda Allah ya ɗora wa shugabanci, ko na mutum kaɗan ne, in ana faɗa a kan wani to a kira shi ya zauna a ji ta bakinsa, kuma in nauyi ya zo kar a jibga wa wanda aka san ba zai yi ƙara ba. Ni gidana da nasa ana jiyo kiran juna, amma na kasa takawa in yi masa tambaya ɗaya, iyali guda suka rasa abincin shekara da garin haihuwarsu.