Ranar da Aka Ɗaga Allon Maikwalba a Shagari

Damina arba'in da ɗaya ke nan da muka rufe maigidana a Bodinga. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ba zan kama sunansa ba, don ban taɓa kamawa ba yana da rai. Mutanen kasuwa Maikwalba suke ce masa. Da fari zagi ne.

Manomi ne da damina, da rani kuma maƙerin fari, mai liƙe fitilu da butoci da darma. Wata rana, Turawa ba su tafi ba tukuna, ya je Sakkwato sayen darma, ya ga wata taga a kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, gilashinta ja da kore da shuɗi, rana ta ratsa ta zuba launi a ƙasa. Ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Daga nan ya shiga tsintar kwalabe, korayen na lemo, jajayen na magani, shuɗɗan na turare. Sai ya ɗaura wa kwalba zaren da na kaɗa, ya jiƙa da kananzir, ya kunna, ya tsoma ta a ruwan sanyi, ta rabu daidai inda zaren ya bi. Ya goge bakin a dutse, ya haɗa da darma, guntu bayan guntu, har ya zama allo guda. Bai yi mutum ba, bai yi dabba ba, don ya tambayi liman. Fadama ya yi: jan albasa a ƙasa, ganyenta a tsaye, ruwan rafi yana bi ta tsakani.

Rani biyu yana wannan aiki, fitilun mutane na jira, shuka ta makara. Yayansa Altine, wanda gandun gidan ke hannunsa, ya kira shi zaure.

"An yi shela za a yi nunin amfanin fadama a Shagari," in ji shi. "Ka kai abinga. In mutane sun ga abin gani, to. In ba su gani ba, ka zuba kwalaben ga masai, ka ɗauki kalme ka koma gona, kar in ƙara jin zancen."

Maigida ya ce ya yarda.

A kai ya ɗauke shi, tsakanin asabari biyu, don bai amince wa jaki ba. Ni ma na bi, da zarena da zan kai rumfar mata. Da muka isa, dogari ya ce kowa ya baza kayansa a tabarma, yadda ake yi a kasuwa tun kaka da kakanni. Albasa a tabarma, rogo a tabarma, jakunkunan fata a tabarma. Maigida ya ce nasa a tsaye ake kallonsa. Dogari ya ce ko sirdin Hakimi a ƙasa yake. Aka kwantar da allon cikin inuwar rumfa.

Jama'a, gilashin da ba haske a bayansa baƙi ne. Ni da na san shi, da na leƙo sai na ga kamar ƙasan tukunya. Hakimi ya wuce da Baturen gona, ko tsayawa ba su yi ba. Maigida na durƙushe, talaka ba ya tsayar da sarauta. Yaya Altine na gefe yana kallon ƙafarsa.

Can bayan azahar sai ga Mani, taubashinsa daga Danchadi, da buhun albasa, ya makara bai sami wuri ba.

"Maikwalba, ɗebe min jujin nan in aza albasata," in ji shi. "Mutane na kawo abin ci, kai ka kawo abin yanke ƙafa."

"Taɓa shi ka gani, mai warin albasa."

"Sai na taɓa. Kama can."

Suka kama su biyu, suka fitar da shi daga rumfa, suka ɗaga don su wuce da shi bayan fili. Rana ta karkata yamma, tana bayansu. A daidai lokacin Hakimi ke dawowa da jama'arsa, kowa cikin farar riga.

Na ga fadama ta sauka a jikin mutane. Ja a ƙirjin Hakimi, kore a rawanin liman, shuɗin ruwa yana gudu a hannun rigar Bature. Wani tsoho ya sa hannu yana kakkaɓe rigarsa, launin ya hau bayan hannunsa. Har masu kalangu suka bar kiɗa. Liman ya ce Subhanallahi a hankali. Mani, da bakinsa bai taɓa rufuwa ba, ya ce, "Ɗan'uwa, hannuna ya gaji, amma ba ni saukewa." Haka suka riƙe shi, mutane na shiga hasken ɗaya bayan ɗaya, mata na miƙa jarirai ciki.

Yaya Altine ya wuce gaba, muka biyo shi gida. Ranar kasuwar da ta zagayo ya shigo gida ya ajiye shuɗiyar kwalba a bakin maƙera, ya ce ya tsince ta a hanyar Sifawa, ya fita.

Yau launi ya yi arha. Yana cikin wayar kowa, yana tagogin sababbin gidaje, kwalba kuwa ta koma roba, wadda wuta ke narkarwa. Nakan ce da yana nan me zai tsinta? Ina jin da zai riƙe wayar nan ya juya bayanta, yana neman ta ina rana ke shiga.

Allon ya zauna a tagar ɗakin taro na Shagari har ginin ya faɗi wata damina. Wasu shida ya yi bayansa, ba wanda ya rage. Ba hoto. Mani ya tafi, Yaya Altine ya tafi, liman ya tafi. Cikin jariran da aka miƙa a hasken akwai wata tsohuwa yanzu a Danchadi, ba ta tuna komai ba, amma in an tambaye ta shekarunta sai ta ce an haife ta shekarar allon Maikwalba. Allah Ya haskaka masa inda yake kwance.